Yadda Ake Hawan Doki A Hanyoyin Tsaunuka Lokacin Zafi

1. Ka yi sammako. Da hantsi zafi bai yi ƙarfi ba, kuma a manyan tsaunuka hadari da tsawa sun fi tasowa bayan azahar. Kafin ka fita, ka gaya wa wani hanyar da za ka bi da lokacin da za ka dawo.

2. Ɗaga kofatan dokin ɗaya bayan ɗaya, ka cire tsakuwar da ta maƙale.

3. Ɗaura sirdi, ka ja majanyi, wato ɗamarar da ke riƙe sirdin ta ƙarƙashin cikin doki. Bayan tafiyar minti 10 ka tsaya ka ƙara jan sa, domin yakan saki, kuma sirdin da ya zame a gangare na iya kayar da mutum.

4. Wajen hawa, ka ɗan sunkuya gaba, ka sassauta linzami. Doki da wuyansa yake daidaita jikinsa, kada ka takura masa. A gangare kuwa ka ɗan jingina baya, ƙafafu a likkafa, tafiya sannu, ban da sukuwa. In wurin ya cika duwatsu ko santsi, sauka ka ja shi. Ni a ganina wannan ya fi komai aminci.

5. Duk rafin da kuka tarar, bar shi ya sha. Ka tsunkuli fatar wuyansa: in ba ta koma nan take ba, ruwan jikinsa ya ragu. In haka ne, kai shi inuwa, ka sassauta majanyi, ka zuba masa ruwa a wuya da ƙirji har hakinsa ya lafa.