Yadda Ake Tafiyar da Hirar Yau da Kullum a Zauren Masu Karatun Littattafai

Buɗe zauren masu karatu a WhatsApp ba ya cin minti biyar. Wahalar ita ce a kai wata uku ana ci gaba da maganar littafi a cikinsa. Abu biyu ke kashe irin waɗannan zauruka: ko su yi tsit kamar ruwa ya cinye mutanen ciki, ko su cika da surutu, saƙo ɗari huɗu kafin azahar, babu ko ɗaya da ya taɓo littafin da ake karantawa. Tushen duka biyun ɗaya ne. An bar hira ba lokaci, ba mai jan ragama.

A fara da yawan mutane. WhatsApp yana ɗaukar mutum 1,024 a zaure ɗaya, amma wannan taron kasuwa ne. Hirar da kowa zai san muryar kowa tana tsayawa ne tsakanin mutum 40 zuwa 80. Kuma a dubi su waye. Zauren da aka kafa a Zariya da wuya ya rasa ɗaliban Jami'ar Ahmadu Bello na Samaru da na Kongo, da 'yan kwalejin Nuhu Bamalli, da ma'aikatan jinya masu aikin dare a asibitin koyarwa na Shika, da 'yan kasuwar Sabon Gari, da matan aure na cikin gari waɗanda wayarsu ba ta zuwa hannu sai yara sun yi barci. Waɗannan ba sa samun sarari lokaci ɗaya, don haka a naɗa admin uku da lokutansu suka saɓa: mai safiya, mai rana, mai dare.

Kafin a gayyaci kowa, a shiga saitin zaure a gyara abu biyu. A kunna wajen da sai admin ya amince kafin sabon mutum ya shigo, sannan a hana membobi sauya suna da hoton zaure. Ƙa'idoji kada su wuce shida ko bakwai, domin doguwar doka ba mai karanta ta. WhatsApp yana barin a maƙale saƙo uku a saman zaure, na awa 24 ko kwana 7 ko kwana 30. A ba ƙa'idoji na kwana 30, jadawalin karatu na kwana 7, tambayar ranar kuma na awa 24. Idan wa'adin ya cika saƙon yana sauka da kansa, shi ya sa ake ganin zaure ya wayi gari babu doka a sama. Sai an sake maƙalawa.

Sai rabon lokaci. Wasu kan buɗe zaure biyu, na hira daban, na sharhi daban. Ga mutanen da ba su kai ɗari ba wannan kuskure ne, domin kowa na hirar zai koma, na sharhin ya zama kufai. Gara zaure ɗaya mai jadawali. Daga bayan asuba zuwa ƙarfe 9 lokacin gaisuwa ne, kuma a nan admin zai saka shafukan da za a karanta ranar. Da rana a bar hira ta sake: wane littafi ake nema, wa ya ga wani tsohon bugu na kamfanin buga littattafai na NNPC a wajen masu baza littattafai, me wata kalma ke nufi. Da dare, daga 8:30 zuwa 10, bayan an sauko daga isha'i an ci abinci, shi ne lokacin sharhi, kuma a wannan awa ɗaya da rabin ba a kawo wata magana. Daga 11 admin ya rufe zauren, ya zama admin kaɗai ke iya tura saƙo, sai da safe a buɗe.

Shafi 10 zuwa 15 a rana ya wadatar. Littafi mai shafi 300 zai ƙare cikin kwana 20 idan ana cin 15. Da zarar an haura shafi 25, rabin mutane za su faɗo baya, kuma wanda aka bari a baya kunya ce ke hana shi magana. A bar Juma'a babu sabon karatu don masu bashi su biya. Littafi na gaba a zaɓe shi da ƙuri'ar cikin WhatsApp. Tana ɗaukar zaɓi har 12, amma a sa uku ko huɗu kawai, a kashe damar zaɓar fiye da ɗaya.

Inda aikin yake shi ne tambayar da za a buɗe sharhi da ita. "Ya kuka ga shafin yau?" ba tambaya ba ce. Amsarta ɗaya ce kullum: "Ma sha Allah, Allah Ya ƙara basira", sai jerin hotunan zuciya. Tambaya mai tayar da hira ita ce wadda za ta raba mutane gida biyu, ko ta sa su waiwayi gidajensu. Misali: "Da ke ce uwar yarinyar nan, za ki gaya wa mahaifinta ko za ki rufa?" Ko: "Alhajin nan rowa ce da shi ko tsoron talauci?" Ko a ɗauko karin maganar da marubuci ya yi amfani da ita a tambayi yadda ake faɗinta a garin kowa. Tambaya ɗaya ake jefawa, a jira. Idan minti goma ya wuce shiru, mai jan hira ya kira mutum biyu da suna, cikin ladabi: "Anti, ke da kika aurar da 'ya'ya, me kika gani a nan?" "Malam, ta fuskar shari'a wannan sakin ya yiwu kuwa?" Mutum ya fi saurin amsa abin da aka tambaye shi shi kaɗai a kan abin da ya sani. Kuma mai jan hira kada ya fara faɗin ra'ayinsa, musamman idan babba ne, domin da zarar Hajiya ta yanke hukunci yara ba za su musa ba, hira ta mutu ke nan. Ya bari sai kusan ƙarshe.

Jan hirar ma a riƙa karɓa-karɓa, kowane mako da mai shi. Duk mai amsa wani ya ja saƙon da yake amsawa, in ba haka ba maganganu uku za su cakuɗe a rasa wa ke yi da wa.

Akwai masu zumuɗin da ke cinye littafi a dare ɗaya su zo su fasa ƙwai. Dokar a fili take: ba a maganar abin da ya wuce shafin ranar. Wanda ya kuskure ya goge da kansa, in ya yi nawa admin ya goge wa kowa. A Telegram ana iya lulluɓe rubutu sai wanda ya taɓa zai gani, don haka zauren da ke can ya yi amfani da wannan.

Saƙon murya kada ya wuce minti biyu. Ba a iya nemo magana a cikinsa kamar rubutu, kuma mai zaune a aji ko cikin Keke Napep ba zai saurara ba. Hotunan barka da Juma'a da bidiyon da aka turo daga wani zaure su ne ke cinye data da cika waya, su ne kuma ke sa mutane ficewa ba sallama. Admin ɗaya ya yi gaisuwar Juma'a a madadin kowa. Talla a ba ta rana ɗaya, kamar Asabar daga la'asar zuwa magariba, mai turaren wuta da mai atamfa su baje kolinsu.

Barkwanci gishirin zaure ne. Inda Bazazzagi da Bakano suka haɗu dole a taɓa juna, wannan ya ce ku ba ku bambance "ne" da "ce", wancan ya rama. Wasa ne na gado, a bar shi. Abin da ake tarewa da wuri shi ne siyasar jam'iyya da saɓanin aƙida, don ba a taɓa gama su a zaure ba. Idan wuta ta kama, admin ya rufe zauren na minti 30, ya bi mutanen biyu ta gefe ɗaya bayan ɗaya. Kada a yi wa babba faɗa a gaban jama'a. Gargaɗi biyu a keɓe, na uku a cire mutum na mako guda. Amma mai ɗaukar lambobin mata daga zaure yana bin su ta bayan fage, wannan cirewa ce kai tsaye.

Abu biyu kuma ba sa jiran gargaɗi. Na farko, littafin kuɗi. Marubuciyar da ta sa wa littafinta farashi, tura shi kyauta a zaure cin haƙƙi ne, kuma yana jawo wa admin rigima. Na biyu, 'yan damfara masu kira su ce za a yi taron zaure ta intanet, a karanto musu lamba shida da ta shigo waya. Lambar rajistar WhatsApp ce, duk wanda ya ba da ita an ƙwace masa asusu, daga nan sai a fara roƙon kuɗi da sunansa. Kowane memba ya kunna tabbatarwa mai mataki biyu, wato ƙarin lambar sirri da ake sa wa asusu a saitin WhatsApp. Idan aka ƙwace na wani, a cire lambar nan take, a sabunta linkin gayyata, a sanar da kowa kada ya tura ko sisi.

'Yan laɓe, masu karantawa ba sa tofawa, su ne mafi yawa a kowane zaure, kuma korarsu da gayya ba ta da amfani. Duk bayan wata uku a saka ƙuri'a mai tambaya ɗaya: kana tare da mu? A ba da mako guda. Wanda bai taɓa ba a tura masa saƙo a keɓe kafin a cire shi, don wataƙila waya ce ta lalace ko rashin wuta ya hana caji.

Jadawalin kuma ba ya zama ɗaya duk shekara. Lokacin jarrabawar jami'a a rage karatu zuwa shafi biyar. Da azumi a mayar da sharhi bayan asham, daga 9:30 zuwa 10:30, a ɗauki ɗan ƙaramin littafi da zai ƙare kafin goman ƙarshe, sannan a dakata sai bayan hawan sallah.