In rijiyarka ta fara warin esans, ga kuma gidan mai a kusa

Na daɗe ina riƙe da littafin awo a wani gidan mai a nan Tahoua. Ni ke zura sanda cikin tanki da asuba in rubuta abin da ya rage. Shi ya sa in mutum ya ce mini ruwan rijiyarsa na warin esans, ba na tsayawa zargin yara sun jefa bido a ciki. Tankin gidan mai a binne yake, in na ƙarfe ne yana tsatsa, mahaɗar bututun da ke kai mai famfo kuma tana saki. Inda ƙasa rairayi ce, man zai yi ta gangarawa har ya tarar da ruwa, ya kwanta a samansa, ya bi shi duk inda ya nufa.

Tun ranar a daina sha, a daina girki da shi, kada a ba dabbobi. Tafasawa ba ta da amfani, tururin ma shaƙarsa za ku yi. A cikin esans akwai sinadarin benzen mai jawo sankarar jini, kuma iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa a ruwan sha ita ce maikurogiram 10 a lita, abin da hanci ba ya iya aunawa. Kada kowa ya sauka rijiyar wai zai yashe ta, kada a leƙa da ashana. In warin ya kai cikin ɗaki ko ramin wanka, ku fita ku kira ƴan kwana-kwana a 18.

Sai ɗibar ruwan awo. Kwalbar gilashi ake so, a cika ta taf ba iska, a toshe, a ajiye a sanyi. Robar lemo ba ta yi, man na guduwa kafin a isa. Abin da ya fi, ma'aikacin hukuma ya ɗiba da hannunsa a gaban shaidu, don kada gobe a ce kai ka zuba. Akwai ɗakin bincike na ƙasa, LANSPEX, a Yamai, amma ka tambaya tukuna ko za a yi maka awon man fetur ne, domin awon ƙwayoyin cuta daban yake, kuma zai iya fitowa fes alhali ruwan na da guba.

Yanzu takarda, inda yawancinmu ke sakaci. Muna zuwa wurin mai gidan man mu ce "Alhaji, a duba mana", ya ce "in sha Allah", a rabu da fara'a, magana ta bi iska. Ka rubuta koke, maƙwabta su sa hannu, mai unguwa ya sa nasa. Kai wa ofishin magajin gari, da ofishin muhalli na jiha, da na ruwa, da masu kula da harkar man fetur. Ko'ina ka kai, a buga maka hatimi da kwanan wata a kan kwafinka. Ka ambaci doka mai lamba 98-56 ta 29 ga Disamba 1998 kan muhalli, wadda ta ce wanda ya gurɓata shi ke biya, da kundin dokar ruwa na 2010. Akwai kuma BNEE, hukumar ƙasa mai tantance illar ayyuka ga muhalli, da dokar 2018 ta tanada, mai iya sa a binciki wurin da ya riga ya fara aiki. Ma'aikaci in ya ga ka san lambar doka, zamansa a kujera ma sauyawa yake.

Ranar da ma'aikatan hukuma suka zo, kada ka bari a tsaya ga sunsuna guga. Ka roƙi su buɗe littafin awo. Abin da ke cikin tanki tun farko, a haɗa da abin da mota ta sauke, a cire abin da famfo ya sayar, dole ya yi kusa da abin da sanda ta nuna. Zafin Tahoua yana cin kaɗan, wannan kowa ya sani. Amma giɓin da ke dawowa kullum a tanki ɗaya, wata da watanni, ƙasa ce ke sha. Daga nan a gwada tankin da bututunsa, a kwashe man wanda ke yoyo, a rufe shi.

Gyara kuma ba shi ne a zuba sabon yashi a shafe da siminti ba. Sai an haƙa ramukan dubawa tsakanin gidan man da gidajenku a ga iyakar inda man ya kai, a tsotse wanda ke yawo a kan ruwa, a kwashe ƙasar da ta jiƙe. Ka tambayi inda za a kai ta, don in bayan gari aka juye ta kusa da lambun wani, an dai sauya wa matsalar unguwa ne. A rubuta wanda zai riƙa kawo muku ruwa kafin a gama. In an miƙo maka kuɗi a ɓoye ka yi shiru, tuna rijiyar maƙwabcinka ruwa ɗaya suke sha da taka.

Kada ka sa hannu cewa an gama a kan awon rani kaɗai. Da damina ruwan ƙasa yana tasowa ya wanko man da ya maƙale a yashin sama, don haka a sa cikin yarjejeniya cewa za a sake awo bayan watan Satumba, a kuma ba ka kwafin sakamakon.