Jan naman salmon da ruwan gwaiduwar ƙwai: yadda ake sa launi da inda yake zubewa

Kifin salmon ba ya yin launin jikinsa da kansa. Wanda ke cikin teku yana samun jan namansa daga ƙananan jatan lande da yake ci, su kuma sun samo shi daga tsirran ruwa. Sunan sinadarin astazantin, yana cikin dangin launukan da ake kira karotinoyid, dangi ɗaya da abin da ke rina karas da manja da jar masara. Idan aka kiwata salmon a keji ba a saka masa wannan sinadarin a abinci ba, namansa fari-fari zai fito kamar toka, kuma mai saye a Turai ba zai kalle shi sau biyu ba.

Ba za a kiwata salmon a Dadin Kowa ta jihar Gombe ba. Kifin ruwan sanyi ne, da zarar ruwa ya kai wajen digiri 20 sai ya shiga wahala, shi ya sa Norwe da Cile ke riƙe da kasuwarsa. Amma ilimin da masu kiwonsa suka tara kan launi shi ne ilimin da mai kajin ƙwai a Tumfure ko Kumo yake buƙata ranar da mai shayi ya dawo masa da kiret ya ce gwaiduwar ta yi fari. Hanyar ɗaya ce: launi ya shiga baki, ya tsallake hanji, ya bi jini, ya zauna a nama ko a ƙwai. A kowace gaɓa akwai inda yake yoyo.

Yadda masu salmon ke lissafi

Abincin salmon na kiwo yakan ɗauki miligiram 40 zuwa 80 na astazantin a kowane kilo. Tarayyar Turai ta tsayar da iyaka a miligiram 100, Amurka a 80. A ɗauki 50: giram 50 ke nan a tan guda. Garin da ake sayarwa ba tsantsa ba ne. Carophyll Pink na kamfanin DSM kashi 10 cikin 100 ne astazantin, don haka giram 500 na garin ake zubawa a tan. Wanda ya manta wannan ya auna giram 50 na gari, ya ba kifinsa kashi ɗaya cikin goma na abin da ya yi niyya. Akwai kuma astazantin da ake samowa daga wani gansakuka mai suna Haematococcus, da yis ɗin Phaffia, da ƙwayar bakteriya mai suna Paracoccus, ga masu son abin da ba na masana'anta ba.

Abin da ke ci wa masu kiwo tuwo a ƙwarya shi ne asara. A salmon na Tekun Atilantika, abin da ke zama a nama yawanci bai wuce kashi 10 cikin 100 na wanda kifin ya ci ba. Sauran wani ya fita a kashi, wani hanji da hanta sun farfasa shi. Kuma naman yana da inda yake ƙoshi, wajen miligiram 10 a kilo. Daga nan ko an ninka launin a abinci, kuɗi ne kawai ake zubarwa a ruwa. Ana auna sakamako da wani mafici na katuna mai suna SalmoFan, mai lamba daga 20 zuwa 34, a kara shi da yankan naman a ga lambar da ta dace.

Gadon da ke yanka launi

A keji ɗaya, abinci ɗaya, wani kifin zai yi ja wur wani ya koɗe. Gado ne. A hanji akwai wani sinadari da aikinsa kamar almakashi: ya kama karotinoyid ya yanka shi biyu domin jiki ya yi bitamin A. Abin da aka yanka ya daina zama launi. Ƙwayoyin gadon da ke ba da umarnin yin almakashin su ake kira bco1 da bco1l, kuma a salmon na Atilantika suna kan kuromosom (ƙunshin da ke ɗauke da ƙwayoyin gado) na 26 cikin 29 da kifin ke da su. Masu bincike a Norwe sun gano cewa bambanci a wannan wuri yana da hannu sosai a jan nama, har kamfanonin iri ke gwada iyayen kifi kafin su zaɓe su. A Alaska akwai salmon ɗin Cinuk mai farin nama wanda ke cin jatan lande iri ɗaya da 'yan'uwansa jajaye, amma launi ba ya zama a jikinsa. An danganta wannan da wata ƙwayar gado ta dangin BCO2, wanda shi ma wani almakashin yanka launi ne.

Wannan BCO2 ɗin ba baƙo ba ne a akurkinmu. Shi ke raba kaza mai rawayar ƙafa da mai farar ƙafa. A mai farar fata almakashin na aiki a cikin fata, yana yanke launin. A mai rawaya ya yi sanyi a wurin, sai launi ya taru. Saboda haka kada ka ɓata kuɗi kana neman rawayar ƙafa a irin da gadonsa fari ne, ba za ta zo ba. Ita gwaiduwa sauƙi gare ta: kusan kowace kaza za ta rina ta idan launin ya isa jini.

Yadda za ka yi a gonarka

Fara da hatsi. Jar masara tana ɗauke da lutin da ziyazantin, launukan rawaya na dangin karotinoyid, wajen miligiram 20 a kilo idan sabuwa ce. Farar masara kusan babu, farar dawa ma haka. Idan rabin haɗinka ko fiye jar masara ce, gwaiduwa za ta yi ruwan ƙwai mai kyau ba tare da ƙarin komai ba. Matsalar takan taso ne lokacin da farashi ya sa aka koma farar masara ko dawa ba a canza sauran haɗin ba, sai bayan mako guda ƙorafi ya fara zuwa.

Idan farar masara ce a hannu, garin ganyen zogale zai cike gurbin. A shanya shi a inuwa, a ɗaki mai iska, har ya bushe yana nan kore shar. Wanda aka baza a rana ya koma ruwan ƙasa ya riga ya rasa yawancin launinsa. A daka a tankaɗe, a fara da kilo 2 cikin kowane kilo 100 na abinci, a ɗaga zuwa 3 ko 4 in ana son ƙari. Kada a zarce sosai, don idan ganye ya yi yawa kaza takan rage ci, ƙwai ya ragu.

Mutane da yawa na zuba manja da niyyar rina gwaiduwa, sai su ga abin bai kai yadda suka zata ba. Launin manja yawancinsa bita-karotin ne, shi ne kuwa abin da almakashin BCO1 ya fi so, kaza na mayar da shi bitamin A kafin ya kai ga ƙwai. Amfanin manja a nan na maiƙo ne. Karotinoyid a mai yake narkewa, hanji ba ya tsotsarsa da kyau a busasshen abinci. Masu salmon sun daɗe da lura cewa abinci mai maiƙo ya fi sa nama ja. Lita 1 ta mai a kilo 100 ta wadatar, amma ya zama sabo. Man da ya yi ɗoyi yana lalata launin da bitamin E tun a cikin buhu.

Ga mai sayen garin launi na kamfani, wato na furen marigol don rawaya ko kantazantin don ja-ja, a karanta ƙarfin da ke jikin leda a yi lissafi kamar na salmon. Turai ba ta yarda kantazantin ya wuce miligiram 8 a kilon abincin kajin ƙwai ba, kuma iyaka ce mai kyau a bi. Ja kaɗai ba tare da rawaya a ƙarƙashi ba yana ba da launi mara kyan gani. Wurin gauraya kuma nan ake faɗuwa: ba a watsa ɗan giram a kan tan guda. A fara cuɗa shi da kilo 5 na garin masara, wannan a cuɗa da kilo 50, sannan a juye cikin babban haɗi. In ba haka ba kiret ɗaya zai fito da ƙwai kala uku.

A ba shi lokaci. Gwaiduwa tana ɗaukar kusan kwana 10 tana taruwa a cikin kaza, zobe kan zobe. Za a fara ganin canji bayan kwana 3 ko 4, amma sai wajen kwana na 10 zuwa 14 ake yanke hukunci. A fasa ƙwai 10 daga kusurwoyi daban-daban na ɗakin, a kan farin faranti, a hasken rana amma ba cikin ƙwallon rana ba, kada a yi a ƙarƙashin ƙwan lantarki mai launi. Akwai maficin auna gwaiduwa na DSM mai lamba 1 zuwa 16. In babu shi, a riƙa ɗaukar hoto da waya ɗaya a wuri ɗaya kowane mako.

Idan abinci daidai ne amma launi bai zo ba

Duba hanji tukuna. Ciwon gudawar jini na kaji da tsutsar ciki suna goge bangon hanji, launi ya wuce bai shiga ba. Sai fumfunar masara da ta ƙuli-ƙuli: gubarta tana taɓa hanta tana hana tsotsar maiƙo, launi kuma tare da maiƙo yake tafiya. Sai ajiya. A zafin Maris da Afrilu na Gombe, buhun da ya kwana wata biyu a shago mai rufin kwano ya yi asarar launi mai yawa. A haɗa na mako biyu ko uku kawai, a ɗora kan katako nesa da bango.

Wani abin kuma ba koɗewa ba ne, ɓaci ne. Ƙasarmu ta auduga ce, dusar gurya tana da araha, amma akwai sinadarin gosifol a cikinta da ke mayar da gwaiduwa kore-kore ko ruwan ƙasa, musamman idan ƙwai ya kwana biyu a ajiye. A kajin ƙwai gara a bar ta.

Salmon idan ya kusa zuba ƙwai yakan kwashe launin namansa ya kai fata da ƙwayayen, shi ya sa ake girbe shi kafin ya balaga. Kaza mai rawayar fata ma haka take yi, kuma a jere: bakin dubura ne ke fara koɗewa, sai zoben ido, sai baki daga gindinsa zuwa tsini, ƙafa ce ta ƙarshe bayan watanni. Idan garke ya yi wata 6 yana ƙwai ka ga wata kaza har yanzu bakinta da ƙafarta rawaya shar, kama ta ka auna tsakanin ƙasusuwan gindinta. In yatsu biyu ba su shiga ba, abinci kawai take ci, a ware ta a kai kasuwa.