Yadda Ake Gane Ko An Sauya Manhajar Injin Mota Mai Turbo

Yawancin motocin da ake shigo da su Kano sun riga sun yi rayuwa a Turai ko Amurka, inda masu son gudu kan kai mota a sake rubuta manhajar ƙwaƙwalwarta, wato kwamfutar da ke sarrafa injin, domin turbo ya ƙara tura iska, injin kuma ya ƙara shan mai, ya ƙara ƙarfi. Dillalin da ke nuna maka motar sau da yawa shi ma bai san an yi hakan ba, saboda haka rantsuwarsa ba hujja ba ce. Abin damuwar shi ne, akan tsara irin wannan manhaja ne bisa fetur mai ingancin oktan 98 da yanayi mai sanyi, ba zafin Afrilu da ke haura digiri 40 a nan ba.

Hujja mafi ƙarfi tana cikin ƙwaƙwalwar kanta. A ƙarƙashin sitiyari akwai wata mahaɗa mai ramuka 16 da ake kira OBD, wadda ta zama dole a motocin Amurka tun 1996, a na Turai masu fetur kuma tun 2001. Ka nemi bakanike mai na'urar bincike ta gaske, ba ƙaramar da ke goge fitilar gargaɗi kawai ba, ya fito maka da lambobi biyu: CALID, wato sunan manhajar, da CVN, wadda ƙwaƙwalwar ke lissafowa daga abin da ke rubuce a cikinta. Idan CALID ta kamfanin da ya ƙera motar ce amma CVN ta saɓa wa wadda kamfanin ya fitar tare da ita, to an taɓa manhajar. Wasu motocin Volkswagen da Audi ma suna ƙirga sau nawa aka yi musu sabon rubutu. Sai dai ƙwararren mai sauyawa kan iya ɓoye sawunsa, don haka dacewar lambobin ba ta rufe magana ba.

Daga nan sai gwaji a kan titi. A bar na'urar a jone, a fita wajen gari inda hanya take a buɗe, direba ya taka totur har ƙasa a giya ta uku, wani kuma yana kallon matsin iskar turbo. A nan mutane da yawa ke ruɗewa, domin na'urar kan haɗa da matsin iskar sarari, wanda ya kusa bar 1, kuma dole a cire shi kafin a kwatanta da adadin da kamfani ya ƙayyade.

Kada ka raina abin da ido zai gani. Ƙwaƙwalwar da aka taɓa buɗewa takan nuna ƙurjewa a kan kusoshinta, da sabon danƙo a gefen murfin. Ka kuma leƙa salansa: idan an cire matatar hayaƙi, wadda 'yan kasuwar kayan mota ta Ƙofar Ruwa ke kira indomi, amma fitilar injin ba ta kama ba, akwai yiwuwar an kashe ta ne daga manhaja. Baƙin hayaƙi a motar dizal da sulɓin kuloci alamu ne kawai, tunda tsufa ma yana jawo su.

Idan ya tabbata an sauya, ka sa a mayar da manhajar kamfani kafin ka biya kuɗi, sannan a auna ƙarfin matsin silinda, domin mayarwar ba ta gyara fistin da ya riga ya sha wuta.