Masu sayen ruwan inabi na biki, a riƙa duba kwalba

Jama'a, in za ku sayi farin ruwan inabi don biki ko walima, kada kyan kwalba ya ruɗe ku, ku juya bayanta ku karanta. In kun ga an rubuta Pinot Grigio, galibi giyar Italiya ce, barasarta takan kai kashi 12 cikin ɗari, ga ta garau kamar lemo. Wanda aka cire wa barasa ma akan samu ragowar har 0.5%. Ku nemi mai 0.0%, ko zallar ruwan inabi.

A sa shi a firij kamar awa uku. Ban da jefa ƙanƙara a kofi, salam take mai da shi. Ni da gasasshen kifi nake sha, ɗan tsamin nan yana yanke maiƙo.