Darasi Na 7: Lalle A Gashi, Ba A Goshi Ba

Satin da ya wuce wani dattijo cikin ɗalibanmu, mai sayar da albasa a kasuwar Mile 12 ta nan Legas, ya shigo aji ya naɗo rawani har baki alhali zafi ake kamar me. Da abokansa suka matsa masa da tsiya sai ya sauke, ashe lalle ya sa a gemu da saje don rufe furfura, gemun yayi kyau abunsa amma kunnuwa da kumatu da gefen wuya duk sun koma ja kamar wanda ya faɗa cikin garwar manja. Aji ya kwashe da dariya shima Baba yana dariya, ni dai da na leƙa wuyan sai dariyar ta tsaya min, don ya gurje wajen da soson ƙarfe na wanke tukunya har ya yi ciwo, kuma jan yana nan bai je ko'ina ba. Shi yasa yau zamu ajiye lissafi mu yi karatu a kan lalle. A karanta a hankali, duk kalmar da ta yi wuya a ja mata layi.

Me yasa lalle yake kama fata?

A cikin ganyen lalle akwai wani sinadari da masana ke kira lawson, shi ne mai jan. Idan aka kwaɓa garin lalle aka bar shi ya tsima sai sinadarin ya fito, yana haɗuwa da keratin sai ya manne masa gam. Toh keratin ɗin nan da shi aka gina gashi, da shi aka gina farce, da shi aka gina saman fata, kunga kenan lalle bai san bambancin gashinki da goshinki ba, duk inda ya kwanta nan zai kama. Kuma ba kamar dauɗa yake zama a sama ba balle a ce sabulu zai ɗebe, shiga yake cikin ƙwayoyin fatar sama waɗanda dama sun mutu suna jiran su zube, sai sun zube zai tafi, wannan kuwa yakan ɗauki sati 1 zuwa 3. A goshi da kunne da wuya fatar ba ta da kauri don haka tabon baya yin duhu sosai kuma kwana kaɗan ya dushe, a tafin hannu kuwa inda fata ke da kauri sai ya yi jajir ya zauna, masu ƙunshi sun fi kowa sanin wannan. Wani abu kuma da ke tayar wa mutane hankali, ranar farko launin kamar ruwan lemo yake, sai ya dinga ƙara duhu har wajen kwana 2 saboda iskar da ke taɓa shi. Idan kika tashi da safe kika ga tabon ya fi na jiya, ba wani abu ya same ki ba, haka lalle yake.

Kafin a taɓa kwanon lalle

Nan ne aikin yake gaskiya, kuma nan ne mutane ke ganda. A tanadi basilin ko man kaɗanya, wanda maƙwabtanmu Yarbawa ke kira ori, ba kasuwar da zaki shiga a Agege ko Idi-Araba ki rasa shi. A lakato da yawa a bi layin da gashi ya tsaya, goshi, gefen fuska, saman kunne da bayansa da cikin lanƙwasar kunnen, sannan ƙeya har ƙasa. Kar a murza shi ya shige kamar mai na shafawa, a bar shi ya kwanta da kauri yana ƙyalli, shi ne katangar. Amma a kula kar ya hau gashin, don duk silin da ya sha mai, lalle bazai kama shi ba, sai ki gama wahala ki tarar furfurar gaban goshi da kika fi son rufewa ita ce ta tsira fara sol. Maza masu gemu ku kuma saman kumatu, ƙasan leɓe da wuya.

Sai safar hannu ta roba, ana samu a kemis da arha. In babu, leda mai tsabta a sa hannu a ɗaure a wuyan hannu da kyauro ko zare. Masu cewa ai yanzu zan wanke, wallahi kafin ki gama shafa kai gaba ɗaya an yi minti 20 ko fiye hannu na cikin lalle, ya riga ya kama. Farce kuwa ya fi komai taurin kai, shi baya zubewa kamar fata, sai dai ya tsiro a yanke, kuma farcen hannu wajen milimita 3 kawai yake ƙaruwa a wata, kenan kusan wata 6 kafin jan ya fita tas.

Kwaɓin ma yana da nasa. Kar yayi ruwa, ya zama kamar kindirmo mai kauri wanda in aka ɗebo a cokali baya zuba da kansa, ko garin da aka kawo daga gida ne ko na fakiti ɗan Indiya duk ɗaya. A raba gashi kashi kashi a shafa da tsohon buroshi daga tushe, a ajiye jiƙaƙƙen tsumma a kusa, duk ɗigon da ya sauka a fata a goge shi a take kar a ce sai an gama. Sannan ga matsalar da ta fi damun mu a nan Legas wadda 'yan uwanmu na Kano basu cika sani ba lokacin hunturu, wato zufa. Iskar garin nan a jiƙe take, ka ɗaure kai da leda na awa 2 ko 3, an ɗauke wuta fanka ta tsaya, sai zufa ta haɗu da lallen ta dinga gangarowa ta bayan kunne zuwa wuya tana zana layi layi, abunda ya samu Baba kenan. Maganinsa a naɗa auduga ko tsohon ƙyalle a zagaye bakin ledar ya tsotse, a yafa tsohon tawul a kafaɗa, a zauna inda iska ke kaɗawa, kuma a zaɓi sassafe ko bayan la'asar. Kar a sa lalle a kai sannan a hau danfo ko a tsaya gaban murhu ana tuya.

In ya riga ya kama fa?

Idan yanzu ne ya taɓa, ruwan ɗumi da sabulu sun isa, sabulun salo ma yana yi. Idan ya kwana kuwa sai haƙuri da dabara. A shafa man zaitun ko man kwakwa ko na gyaɗa a wajen, a bari minti 10 zuwa 15, a goge da tsumma mai ɗumi, sannan a ɗan murza da sikari ko gishiri mai laushi da aka kwaɓa da mai, a hankali kamar ana shafa kan jariri. Hannu kuwa a jiƙa shi a ruwan ɗumi da gishiri kaɗan sannan a cuɗa da soso. Sau 1 ko 2 a rana ya isa, abunda ake yi kawai taimaka wa matacciyar fata ta zube da wuri, ba za'a ga ya ɓace rana ɗaya ba, duk wanda ya ce miki yana da maganin da zai cire shi cikin minti 5 kuɗinki yake so. Lemun tsami yana ɗan rage launi amma yana busar da fata, kuma in aka fita rana da ruwansa a jiki yana iya ƙona wajen ya bar baƙin tabo da ya fi na lallen daɗewa, ni dai bana ba da shawararsa a fuska, a hannu ma sai da dare a wanke tas a shafa mai. Hypo da Jik na kaya ne da banɗaki. Kananzir, fetur, kanwa, soson ƙarfe, man bilicin, duk kar su kusanci fuskarku don Allah.

Wata ɗaliba ta tambaya ko tabon yana hana alwala. Launi ne kawai ba shi da kauri, ruwa na taɓa fata, kamar dai ƙunshin da iyayenmu ke yi suna sallarsu. Busasshen lallen da ya manne da kuma basilin mai kauri su ne za'a wanke kafin alwala.

Baƙin lalle ba lalle bane

Lalle na gaskiya ja yake bayarwa ko ja mai duhu, baya baƙi wuluk. Wanda ke baƙi nan da nan, irin dayis ɗin nan, galibi an zuba masa wani sinadari mai suna PPD, a duba jikin kwalin za'a iya ganin haruffan nan uku, P, P, D, ga amfanin karatu kenan. Wasu jikinsu baya karɓarsa, kuma sau da yawa ba a ranar yake nunawa ba sai bayan kwana 1 zuwa 3 ko fiye, ƙaiƙayi, kumburi, ƙuraje masu ruwa, wani fuskarsa ta haye har ido ya rufe. Wannan ciwo ne, ba'a murza shi da gishiri ba'a sa masa lemo, a wanke da ruwa mai yawa a tafi asibiti da kwalin a hannu, in numfashi ya fara wuya kuwa ko minti ɗaya kar a jira. Duk sabon rini a fara gwada ɗigo ɗaya a bayan kunne ko cikin gwiwar hannu a jira awa 48. Jarirai kuma kar a sa musu lalle ko jan ne, akwai yaran da ake haifa da ƙarancin wani abu a jini da likitoci ke kira G6PD, yana da yawa a ƙasarmu musamman a yara maza, lalle na iya fasa musu ƙwayoyin jini ido ya koma rawaya.

Aikin gida

Kowa ya rubuta waɗannan kalmomi sau 3 a littafinsa: lalle, furfura, ƙeya, kaɗanya, ƙaiƙayi. A kula da ƙugiyar ƙ da ɗ. Sannan wanda ke da kwalin rini a gida ya zo mana da shi ranar Asabar mu karanta bayansa tare, Baba ya ce shi zai fara kawo nasa.