Kafin Ki Kai Yaro Mai Yare Biyu Ko Uku Makaranta

Duk wanda ya zauna a Jimeta ta jihar Adamawa ya san yadda abin yake, yaro ya tashi da safe kakarsa na masa Fulatanci, ya fita ƙofar gida wasa da Hausa, maƙwabta ƙila Bachama ne ko Kilba ko Margi, da yamma a Islamiyya ga Larabci, sai Satumba ta zo a saka masa yunifom a miƙa shi hannun anti, wato malamar aji, wadda tun daga bakin get Turanci kawai take yi. Wlh abin tausayi, yaron da a gida surutu kamar aku sai ya koma kamar an ɗinke masa baki.

Abu na farko dan Allah kar a daina yi masa yaren gida. Na ga iyaye da yawa da zarar an ce yaro zai shiga nasare sai su hana kowa yi masa Fulatanci ko Hausa wai kar kansa ya rikice, a koma yi masa guntun Turancin da su kansu iyayen bai zauna musu ba. Kan yaro ba ya rikicewa da wannan. Tun 1970 Farfesa Babs Fafunwa da abokan aikinsa suka gwada a Ife, aka koyar da yara da Yarbanci shekara shida na firamare, kuma yaran suka yi ƙoƙari har a Turancin ma. Ita gwamnati kam tana ta sauya magana, tsarin ilimi na 1977 ya ce a fara da harshen uwa ko wanda ake yi a garin, a 2022 lokacin ministan ilimi Adamu Adamu aka ce har aji shida, a 2025 kuma minista Tunji Alausa ya ce an soke a koma Turanci. To ke dai abin da ke hannunki shi ne gidanki. Kaka ta ci gaba da nata, baba da nasa, a yi tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi da daddare, in an gama ki tambaye shi me ya faru, waye ya yi wayo, ki barshi ya maimaita da bakinsa ko da ya gauraya yare biyu a jimla ɗaya, kar ki katse shi.

Ƙirga ma haka. Ki zube murafun kwalba ko ƙwallon dabino, ya ce ɗaya biyu uku, ya ce go'o ɗiɗi tati da Fulatanci, ranar da anti ta ce wan tu tiri sabon suna kawai zai koya, lissafin ya riga ya shiga.

Turancin da yake buƙata kafin ranar farko bai wuce jimla biyar ba: zan yi fitsari, ina jin ƙishi, cikina na ciwo, ban gane ba, wane ya dake ni. Ku riƙa yi kamar wasa, yau ke ce anti gobe shi ne. Na fitsarin nan ki fi ba shi muhimmanci sbd yaro ya jiƙa wando a gaban 'yan aji kawai don bai san yadda zai nemi izini ba, wannan kunyar kan sa ya tsani makarantar gaba ɗaya.

Sai maganar suna, wadda mutane ke mantawa. A gida Abba ake ce masa ko Ummi ko Walida sbd an sa musu sunan kakanni ana alkunya, a rajista kuma Muhammad ne ko A'isha, anti ta yi ta kira yaro na kallonta bai san da shi ake ba, sai a ce ba ya ji. Tun saura wata guda a fara kiransa da sunan yanka jefi-jefi, ya haddace sunan babansa da na unguwarsu.

In ya fara makarantar allo ki lura, can daga dama ake farawa, boko kuma daga hagu. Ki ba shi fensir ko gawayi ya yi ta zane, ki nuna masa da yatsa inda kowanne ke farawa, in ya juya harafi baibai ba abin duka ba ne.

Ki je makarantar da shi kafin a buɗe, ya ga ajin ya ga ban ɗaki, ki tafi da takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya da katin rigakafi don galibi ana tambaya. Ki faɗa wa anti ƙarara yaren da ya fi ji, ki roƙe ta ta zaunar da shi kusa da wani mai jin yaren, ki kuma tambaya ko suna hukunta yara in sun yi yaren gida, in amsar eh ce gaskiya ni dai zan sake tunani.

Makonnin farko zai iya yin shiru a aji, yana sauraro ne yana tarawa, kar a matsa masa. Amma in kin ga ko a gida da yaren da ya tashi da shi maganar ba ta fita, ko sai an ɗaga murya yake juyowa, wannan kam ba laifin yawan yare ba ne, a kai shi asibiti a duba kunnensa tun kafin a biya kuɗin zango.